Tumatir Ya Yi Tsatsa Daga Gindi: Tambayoyin Manoman Rani na Kebbi da Amsoshinsu

Duk shekara idan sanyin hunturu ya fara ja da baya, kuka ɗaya ake ji a bakin masu garka, tun daga fadamar Argungu har Jega da Yawuri: tumatir na ƙonewa daga ƙasa. An ba shi ruwa, an ba shi taki, an yi feshi, amma kamar ana zuga shi. Wani ya ce rana ce, wani ya ce an sayar masa da mugun iri, wani ma ya rage murya ya ce baki ne. A gonaki da dama da na shiga, mai laifin wani ɗan ƙwaro ne da ido ba ya gani. Masana na kiransa Aculops lycopersici, a jikin kwalbar magani kuma za ka ga an rubuta russet mite. Mu a nan za mu riƙa ce masa ƙwaron tsatsa, domin launin tsatsa yake bar wa shuka. Ga tambayoyin da aka fi yi mini a bakin gona da kuma majalisar bayan Isha'i.

Malam, wane irin ƙwaro ne wannan da kake cewa ba a ganinsa?

Ɗan'uwan kaska ne da gizo-gizo, ba dangin ƙuda ko fara ba. Ba shi da fiffike. Tsawonsa bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba, wato sai ka jera biyar kai da wutsiya kafin su cike ɗan layi ɗaya na rular 'yan makaranta. Jikinsa dogo ne mai tsini a baya kamar ƙaramin karas, launinsa fari-fari mai ɗan rawaya, ƙafafunsa huɗu ne kacal kuma duk suna gaba wajen kai, alhali sauran danginsa takwas gare su.

Abin da yake yi shi ne huda fatar kara da ta ganye ya tsotse ruwan da ke ciki. Guda ɗaya ba ya komai. Matsalar ita ce saurin haihuwarsa: idan akwai ɗumi da bushewa, daga ƙwai zuwa babba mai yin nasa ƙwan bai wuce mako guda ba, kuma mace ɗaya na iya yin ƙwai har kusan 50 a rayuwarta. Ka lissafa wannan mako huɗu a jere, sai ka gane yadda gonar da ka bari kore shar kafin ka tafi biki za ka dawo ka tarar ta koma ruwan ƙasa.

To idan ba a ganinsa, ta yaya zan san shi ne?

A nan ne zancen yake, don haka bari in daɗe a kai.

Ka durƙusa. Mafi yawanmu daga tsaye muke duba tumatir, mu kalli kai da fure da 'ya'ya, mu ce Alhamdulillahi. Shi kuwa wannan ƙwaro daga gindi yake farawa ya yi ta hawa sama. Karan tumatir mai lafiya kore ne, yana da gashi-gashi, idan ka shafa sai hannunka ya ɗauki ƙanshin nan nasa. Karan da ƙwaron tsatsa ya kama kuwa gashin yana zubewa, ya yi santsi da ɗan ƙyalli kamar an shafa masa mai, launinsa ya koma na tagulla ko na tsohon kwanon rufi. In abin ya daɗe har tsagewa yake yi a tsaye. Wannan ita ce alama ta farko, kuma ita ce mafi gaskiya.

Bayan kara sai ganyen ƙasa. Bayansu kan fara yin sheƙi kamar azurfa, sannan su yi rawaya, gefensu ya naɗe, su koma ruwan ƙasa, su bushe ƙayau har in ka murza su marmashe kamar busasshen ganyen taba. Ba sa yin yaushi su lanƙwashe irin na shukar da ke jin ƙishi. Bushewa suke yi a inda suke. Daga nan abin ya hau rassan tsakiya. Fure ya riƙa zuba. A ƙarshe za ka ga shuka ta zama tsirara daga ƙasa, sai ɗan tuntun kore a kai, 'ya'yan kuma suna fili rana na dukansu har su yi farin tabo. 'Ya'yan da ƙwaron ya hau tun suna ƙanana fatarsu kan yi kaushi, ta yi ruwan ƙasa da 'yan tsage-tsage kamar faso.

Wani abin lura kuma: ba ya kama gona gaba ɗaya rana ɗaya. Fangali ɗaya ko biyu yake farawa, sau da yawa a gefen da iska ke shigowa ko a bakin hanyar da ake bi.

Akwai yadda zan gan shi da idona in tabbatar?

Akwai. Nemi ɗan gilashin ƙara girma mai ninka abu sau 20, irin wanda masu gyaran agogo da masu gyaran waya ke amfani da shi. Wanda ke ninkawa sau 10 da ƙyar zai nuna maka wani abu kamar ƙura. Kyamarar waya ita kaɗai ba ta cika isa ba, sai an maƙala mata irin wannan gilashin.

Amma kada ka duba inda ya riga ya ƙone, domin sun ci sun tashi. Ka duba kore na farko da ke sama da iyakar tsatsar, a jikin kara da bayan ganye kusa da jijiya. Nan ne sansaninsu. Za ka ga kamar an barbaɗa garin gero mai laushi, in ka ƙura ido sai ka ga garin yana motsi a hankali. Na taɓa miƙa wa wani dattijo gilashin nan a gonarsa bayan ya gama rantsuwa cewa shi babu ƙwaro a tumatirinsa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗago ya ce, "Ɗana, ashe da rai a abin nan." Ƙungiyar manoma guda za ta iya sayen gilashi ɗaya ta riƙa karɓa-karɓa, kuɗinsa bai kai na kwalbar maganin da ake zubarwa a banza ba.

Ni na ɗauka ƙarancin taki ne, har na ƙara yuriya. Yaya ake bambancewa?

Ba kai kaɗai ba ne, ɗan'uwa. Rashin taki ma daga ganyen ƙasa yake farawa, shi ya sa ake ruɗewa. Bambancin yana jikin kara: shukar da ke jin yunwa ganyenta na yin rawaya bai ɗaya, amma karanta yana nan kore da gashinsa.

Sauran masu kama da shi ma kowa da shaidarsa. Ciwon ganye na naman gwari yakan yi tabo-tabo masu zobe a cikin zobe. Ciwon yaushi kan sa shuka ta kwanta tana kore, in ka tsaga karan ka ga cikinsa ya yi duhu. Tsutsar saiwa kuwa sai ka tuge ka ga saiwar ta yi ƙulle-ƙulle. Jan gizo, wani ɗan ƙwaro shi ma dangin kaska, ana ganinsa da ido, yana barin ɗigo-ɗigo fari a ganye da saƙa irin ta gizo-gizo. Ƙwaron tsatsa ba ya saƙa ko kaɗan. Ita kuwa sharon, wadda ta ɗaiɗaita tumatirin Kano da Kaduna a 2016, tsutsa ce da ke shiga tsakanin fatar ganye ta bar farin fili, ta kuma huda 'ya'ya. Kowa ya san ta yanzu, har ta sa duk abin da ya taɓa tumatir sai a ce ita ce.

Me ya sa ya fi yawa a noman rani?

Domin yanayin da ya fi so shi ne ɗumi da busasshiyar iska, kuma abin da muke da shi ke nan daga tsakiyar hunturu har bazara. Ruwan sama mai ƙarfi yana wanke su daga jikin shuka, ban ruwan fangali kuwa saiwa kawai yake jiƙawa, ganye ya yi wata uku bai ga ɗigon ruwa ba. Ga ƙura da ke lulluɓe shukar bakin hanya. Shukar da ta sha ƙishi kuma ta fi saurin faɗuwa. Wanda ya yi dashe a makare, tumatirinsa ya shiga Maris da Afrilu yana ƙarami, shi ne ya fi shan wuya, domin a lokacin gonakin da suka riga shi sun tsufa sun cika da ƙwaron, iska na kwaso masa.

Ba shi da fiffike, to wa ke kawo shi?

Iska ce babbar motarsa. Idan shuka ta fara mutuwa sai su taru a can ƙololuwa, iska ta ɗebe su kamar ƙura. Sai kuma mu da kanmu: riga, hannu, kwando, sandunan tokare, da 'yan ƙwadagon tsinka da suka fito daga wata gona da safe suka shigo taka da hantsi. Hanya ta uku ita ce dashen da aka sayo. Ɗaurin irin da ka saya a kasuwa yana iya zuwa da su ba tare da wata alama ba.

A cikin ƙwayar iri kuwa ba ya zama, haka nan ba ya kwanciya a ƙasa ya jira baɗi. Dole sai da ɗanyen tsiro yake rayuwa. Shi ya sa tsohuwar gonar da aka gama tsinka aka bar ta tsaye, da tumatirin da ya tsiro da kansa a bakin magudana, su ne gadar da yake bi daga wannan shuka zuwa waccan.

Tumatir kaɗai yake ci? Ina da albasa da shinkafa a gefe.

Albasarka da shinkafarka ba ruwansa da su, mutanen Aliero masu noman albasa su kwantar da hankalinsu. Dangin tumatir yake bi: gauta, yalo, dankalin Turawa, taba, tattasai da tarugu, sai ciyayi irin su gautan kaji da zaƙami. A kan yawancin waɗannan yana zama ne ba tare da ya yi musu mummunar ɓarna ba, tumatir ne yake kashewa. Saboda haka gautan kajin da aka bari a kan kunya don ba ya tsare wa kowa komai, masauki ne.

Masu tattasai da tarugu su lura da wani ɗan'uwansa dabam, shi ma ido ba ya ganinsa. Shi wancan daga sama yake farawa: sabon toho ya ƙanƙance, ya murɗe ya lanƙwasa ƙasa, ya yi tauri, 'ya'ya su yi kaushi. Maganinsu kusan ɗaya ne, wurin dubawa ne ya bambanta.

Na fesa maganin ƙwari har sau uku, abin sai ƙaruwa yake. Maganin jabu ne?

Wataƙila maganin na gaske ne, aikinsa ne ba wannan ba. Abin da aka fi miƙo wa manomi a shago idan ya ce ƙwari sun dame shi shi ne masu sinadarin cypermethrin ko lambda-cyhalothrin. Waɗannan na tsutsa ne da sauran ƙwari, ba a dogara da su a kan dangin kaska. Abin da ya fi muni, suna kashe ƙananan mafarautan da ke cin ƙwaron tsatsa a ɓoye. Ka kori kyanwa ka bar ɓera da rumbu. Shi ya sa sau da yawa gonar da aka fi yi wa feshi ita ce ta fi ƙonewa, mai ita kuma ya ƙara ninka awo, ya haɗa kala uku a tanki ɗaya, kuɗi na tafiya, tumatir na tafiya.

A nan ina da ƙorafi a kan yadda muke sayen magani. Mutum ya je shago ya ce "ba ni mai ƙarfi", kamar mai sayen yaji. Yaron shago kuma bai taɓa ganin gonar ba. Ka riƙa karanta sunan sinadarin da ke rubuce da ƙananan baƙaƙe, ko ka sa ɗanka ya karanta maka, domin sunan kasuwa kala-kala ne amma abin da ke ciki ɗaya. Ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

To wane magani ne ke yi?

Biyu ne aka fi samu a wurarenmu. Na farko farar wuta, ta feshi wadda ake damawa da ruwa, ba dunƙulen da ake sayarwa a teburin masu magungunan gargajiya ba. Tsohon magani ne, mai araha, kuma yana aiki sosai a kan wannan ƙwaro. Sai dai tana da sharaɗi: idan zafi ya haura digiri 32 tana ƙona ganye da fure. A Kebbi kuwa, inda zafin Maris da Afrilu ke haura 40, wannan ba ƙaramin sharaɗi ba ne. Lokacinta shi ne Disamba da Janairu, da yamma liƙis. In bazara ta kama, ka fara gwadawa a shuka biyar ka jira kwana biyu, ko ka bar ta gaba ɗaya. Kada a haɗa ta da maganin mai, ko man dogon yaro, kuma a bar tazarar mako biyu tsakaninsu. Wanda ya shuka kankana ko gurji a tsakanin tumatir ya yi hattara, wasu irinsu ba sa jure ta.

Na biyu shi ne mai sinadarin abamectin. Yana ratsa fatar ganye, amma rana na lalata wanda ya rage a waje da wuri, don haka shi ma da yamma ake fesa shi. Ba ya kashe ƙwai, saboda haka feshi ɗaya ba ya wadatarwa. A maimaita bayan kamar mako guda don a tari waɗanda suka ƙyanƙyashe. Kada a wuce sau biyu a jere da shi, a sauya da farar wuta ko wani maganin dangin kaska na dabam, in ba haka ba su saba da shi. Awo kuwa wanda ke jikin kwalba za a bi, domin ƙarfin kowace kwalba dabam ne.

Yadda aka fesa ya kai maganin muhimmanci. Mai feshin da ke tafiya da sauri yana kaɗa sanda a saman shuka ya wanke ganyen sama ne kawai. A juya bakin sandar sama, a jiƙa kara tun daga gindi da bayan ganye, a fi ba da ƙarfi a koren da ke sama da tsatsar. A fesa har da fangulan da ke kewaye da inda abin ya bayyana, ko da suna kore.

Abu ɗaya da ya shafe mu musamman: abamectin guba ne mai tsanani ga kifi da ƙudan zuma. Mu da gonakinmu ke bakin gulbi, muke kuma cin kifinsa, bai dace a wanke tanki ko a jefa kwalba a ruwa ba. Mai feshi ya rufe hanci da baki, ya sa doguwar riga da takalmi, ya yi wanka da sabulu in ya gama.

Ba ni da kuɗin magani. Dogon yaro zai yi?

Zai rage, in an fara da wuri. A daka ƙwallon 'ya'yansa busassu, kimanin giram 50 ga kowace litar ruwa, a jiƙa ya kwana, a tace da ƙyalle mai laushi, a sa ɗan sabulu kaɗan don ya kama ganye, a fesa da yamma duk bayan kwana biyar zuwa bakwai. Amma in tsatsa ta riga ta kai tsakiyar shuka, kada in yaudare ka, ba zai tsayar da ita ba.

Akwai kuma aikin da ba ya cin ko sisi. Ka cire ganyen ƙasa da suka kamu, ka zuba su a buhu nan take, kada ka ratsa gona da su a hannu. Shuka biyu ko uku da suka fi lalacewa a tuge su, a binne ko a ƙone nesa da gona. Wajen aiki, a fara da ɓangaren lafiya a ƙare da mai ciwo. Kada a bar shuka ta sha ƙishi.

Ganyen da ya ƙone zai dawo in na yi maganin?

A'a. Abin da ya ƙone ya tafi. Sabon toho za ka duba: in ya fito kore da gashinsa, kuma tsatsar ta tsaya inda take ba ta ƙara hawa ba, magani ya ci. Wata dabara ita ce ka ɗaura ɗan zare a iyakar tsatsar a shuka kamar goma ranar da ka yi feshi, ka dawo bayan mako ka gani ko ta tsallake zaren.

Yaushe ne ya kamata in haƙura da gonar?

In tsatsar ta kai kai, ganye ya zube, fure ya daina kamawa, kuɗin da za ka kashe ba zai dawo ba. Ka tsinke abin da ya nuna da wanda ya ƙosa, ka tuge sauran. Barin ta tsaye cutar da maƙwabcinka ne wanda nasa ke tasowa, kuma haƙƙi ne.

Tumatirin da fatarsa ta yi kaushi, ana ci?

Ana ci, ƙwaron ba ya cutar da mutum kuma ɓarnar a fata ta tsaya. Dillali ne dai zai karya masa farashi, don haka gara a yanka shi a shanya a yi kauɗa. Abin tsoro shi ne maganin da aka fesa: a jikin kowace kwalba an rubuta kwanakin da za a jira kafin tsinka, a cika su ko da motar Legas na jira a bakin hanya.

Baɗi fa, me zan yi tun farko?

Ka yi renon irinka da kanka, nesa da tsohuwar gonar tumatir ko gauta, kuma ba ta gefen da iskar hunturu ke kwaso ƙurarsu ba. Kafin dashe ka share gautan kaji da zaƙami da tumatirin da ya tsiro da kansa a kunyoyi da bakin magudana. In da hali ku yi magana da maƙwabtan gona ku dasa kusan lokaci guda, ku kuma tuge tsohuwar shuka lokaci guda, yadda za a sami 'yan makonni da babu ɗanyen tumatir a wajen. Sandunan tokaren bara a bar su a rana su daɗe kafin a sake kafa su.

Daga nan sai duban gindi. Tun daga mako na uku bayan dashe, sau ɗaya a mako, ka zaɓi shuka ashirin a wurare dabam-dabam, har da gefen iska da bakin hanya, ka tsuguna ka shafa karan da yatsa. In ka ji santsi inda ya kamata ka ji gashi, ka aika a karɓo maka gilashin nan a ranar.